A Ɗauki Mutum Hoto Tun Yana Raye

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Ya halicci bayi Ya ba kowa kamanninsa, har ba a sami mutum biyu da suka zama ɗaya ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, daga nan Gurbin Bore ta ƙasar Zurmi nake wannan rubutu.

Jama'a, yau maganar hoto na kawo muku. Na san wani zai ce, me ya haɗa malamin allo da hoto, shi da aikinsa tawada da alƙalami? Wani kuma ya ce malam ya fara bin 'yan zamani. To, ina roƙo a saurara a ji dalilina tukuna, in an ga kuskure a gyara mini, domin ni kaina na shekara fiye da talatin a kan ra'ayin da zan bari yau.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, shi ya kafa makarantar da nake zaune a cikinta, kuma bai taɓa yarda ya tsaya gaban mai hoto ba har ya koma ga Ubangijinsa. Ina yaro, in mun je Kaura Namoda, akan ga mai hoto a inuwa da akwatinsa na katako bisa ƙafafu uku. Yakan rataya baƙin zane a bango, ya zaunar da mutum a benci, ya ce kada ka motsa. Sai ya cire murfin idon akwatin, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya mayar. Sa'an nan ya zura hannu ta wani hannun riga da aka ɗinka a jikin akwatin, yana laluben 'yan tasoshin magani da ke ciki. Takardar farko takan fito a juye, baƙin mutum ya zama fari, farar riga ta zama baƙa. Sai ya kafa ta gaban idon ya sake ɗaukarta, ta biyu ta fito daidai, ya ɗauraye ta a bokiti ya miƙa wa mai ita da danshinta. In Malam ya ga na tsaya kallo sai ya ja hannuna ya ce mu wuce.

Yau 'ya'yana sukan ce, "Baba, wai yaya kamannin Malam suke?" Sai in ce dogo ne, mai saje, mai ɗan faɗin goshi. Kowace shekara abin da nake iya faɗi yana raguwa. Muryarsa tana kunnena, rubutunsa yana cikin gafaka, amma fuskar tana nisa da ni. Ban faɗi wannan don in zarge shi ba. Ya yi abin da ya ga shi ne tsentseni, Allah Ya ba shi ladan niyyarsa.

Abin da ya juya ni kuwa ƙaramin abu ne. A babbar Sallar 2019 wani tsohon almajirina mai gyaran waya a Kano ya zo gaishe ni, rataye da wata 'yar kyamara ta roba, baƙa mai shuɗin kai, wadda ya ce a gwanjo ya tsince ta. Sunanta Diana. An ƙera irinta a Hong Kong cikin shekarun 1960, don wasan yara da kyautar talla, ba don gwanayen sana'a ba. Ba ta da batir, idonta ma roba ne, ba gilashi ba. Alamu uku gare ta na haske, watau rana, da rana cikin gajimare, da lumshi, da kuma ma'auni uku na nisa. Fim ɗinta shi ne mai lamba 120, naɗi guda yana ba da hoto 16, kuma a bayanta akwai 'yar jar taga inda ake leƙa lambar hoton da aka kai. Murfinta ba ya rufuwa ruf, har sai da ya liƙe gefunan da baƙin tef irin na masu gyaran lantarki, don kada haske ya sata ya shiga.

Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni izini in ɗauki dattawan masallaci." Na ce ni dai ban da ni. Ladaninmu yana gefe, mutum mai raha, sai ya ce, "Malam, ni a ɗauke ni, ban taɓa ganin kaina da rawani ba sai a ruwan alwala." Ya tafi gida ya sake naɗi, ya sa rigar Sallarsa, ya komo. Yaron ya zaunar da shi a ƙofar zaure bayan la'asar, inda haske ke zuwa ta gefe guda, ya auna taku biyu ya ja da baya, ya riƙe numfashi, ya danna. Ƙaf! Shi ke nan. Ba abin da za a leƙa a gani, ba kuma a ce bari a sake goma a zaɓi ɗaya.

Da dare bayan lisha ya nemi ɗakin da ya fi duhu a gidan, ni kuma na bi shi don in ga ƙarshen al'amarin. Ya toshe ƙofa da bargo, ya kashe fitila, domin fim ba ya jure ko ƙyallin ashana. Cikin wannan duhu, da lalube, ya warware fim ɗin daga takardarsa, ya naɗa shi a wani ƙarfe mai murɗe, ya sa cikin wani baƙin gwangwani ya rufe, kana ya kunna fitila. Ruwa uku ya zuba ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a fuskar fim akwai gishirin azurfa wanda aka shafa. Duk inda haske ya taɓa, maganin farko yana mai da shi baƙar azurfa, ana juya gwangwanin a hankali minti bayan minti har kamar minti goma. Ruwa na biyu yana tsai da aikin na farko. Na uku yana narkar da gishirin da haske bai taɓa ba ya fitar da shi, daga nan fim ya daina tsoron rana. Sa'an nan a yi ta ɗauraya da ruwa mai tsabta, a rataye ya bushe. Ya ce ruwan yana son sanyi na ma'auni 20, shi ya sa ya ɗebo daga ƙasan randa, kuma in ya fi haka ɗumi sai a rage lokaci. Hunturu ya fi ba da ruwa mai sanyi, amma ƙurarsa tana manne wa fim tun bai bushe ba. Na ce masa, ikon Allah, mu muna wanke allo don rubutu ya tafi, ku kuna wanke fim don sura ta zo.

Dare na biyu ya kunna wata jar fitila, domin takardar hoto ba ta jin jan haske. Ya ɗora fim bisa takarda, ya danne da gilashi, ya haska farin haske ya ƙirga kaɗan, ya tsoma takardar a tasa. Ina kallo, farar takarda ta soma yin dishi-dishi, sai ga rawani, sai ga idanu, sai ga ladan yana shirin yin dariya. Cikin goma sha shida tara suka fito, sauran haske ya ɓata su. Na ladan bai wuce kwalin ashana girma ba. Gefunansa sun yi duhu sun dushe, yadda ɗabi'ar irin wannan kyamara take, amma fuskar tana tsakiya sarai. Ya duba ya yi dariya ya ce in ajiye masa, gidansa yara za su yaga. Na sa cikin wani littafi na manta.

Cikin daminar 2021 ɓarayin daji suka tarar da shi a gona suka kashe shi, Allah Ya karɓi shahadarsa. Kafin a suturta shi na ga samari sun kewaye gawar da wayoyi a sama. Kafin magariba hoton yana yawo daga waya zuwa waya, har mutanen da ba su taɓa jin kiran sallarsa ba sun gan shi kwance cikin jini. Babban ɗansa yana da hotunansa masu yawa a waya, amma an riga an ƙwace wayar a hanya tun kafin wannan. Bayan sadakar bakwai ya zo ya ce, "Malam, ko 'yar takardar nan ta Baba tana nan?" Na buɗe littafi na ba shi, ya karɓa da hannu biyu. Yau ita kaɗai ce surar mutumin nan yana raye a hannun iyalinsa.

To, jama'a, ga abin da nake son faɗi. Ƙasarmu ta Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda ta shekara fiye da goma cikin wannan masifa. Mutane suna barin garuruwansu da abin da kai zai iya ɗauka, ana haihuwar yara bayan an binne ubanninsu. A irin wannan zamani mun bar hoton rayayye cikin waya, wadda ake ƙwacewa, take faɗawa ruwa, take mutuwa ba sallama, mun kuma ba hoton gawa fiffike. Wannan juyin al'amari ne. Musulmi yana da alfarma yana raye, yana da ita yana mace. Wanda ya ɗauki gawar ɗan'uwansa tsirara ko cikin jini ya watsa a WhatsApp da Facebook ya keta wannan alfarma, ko da ya ce don a tausaya ya yi. In hukuma na bukatar shaida, wannan aikinta ne, a ɗauka a kai mata a rufe. Mu kuwa abin da ya kamace mu shi ne mu ɗauki mutum da rawaninsa, da izininsa, mu fitar a takarda, mu ajiye wa marayu.

Na san 'yan'uwana malamai za su tambaye ni hukunci, kuma haƙƙinsu ne. Tsoronsu ba na banza ba ne. Ya zo a tafsiri cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu, alaihissalam, asalinsu surorin waɗansu salihai ne da aka yi don tunawa, da zamani ya yi nisa aka koma bauta musu. Hadisai kuma sun yi tsanani a kan masu yin sura. Duk na yarda da wannan. Amma mu duba abin da malamanmu na Malikiyya suka fahimta, kamar yadda masu sharhin Muhtasar suka kawo a babin walima. Abin da suka ce haramun ne shi ne surar abu mai rai, cikakkiyar gaɓoɓi, mai jiki wadda take da inuwa, watau gunki. Wadda ke shimfiɗe a takarda ko tufa ba su kai ta ga haramci ba, iyakarta karhanci in an ɗaukaka ta. Wannan fa a kan zanen hannu suke magana. Da hoton kyamara ya zo, Shaihu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, wanda ya yi Muftin Masar, ya rasu a 1935, ya wallafa risala a kan halaccinsa, hujjarsa kuwa ita ce wannan tsare inuwa ne, kamar abin da madubi ke nunawa, sai dai an hana shi gushewa. Shaihu Ibn Baz, wanda ya rasu a 1999, ya hana sai don lalura. Shaihu Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya ga hoton da na'ura ke ɗauka nan take ba shi ne surantawar da aka hana ba, hukuncinsa yana bin manufar da aka ɗauke shi dominta. Ashe ke nan mas'ala ce ta saɓani, ba a fitar da kowa daga sunna a kanta.

Abin da na gani da idona a ɗakin nan ya ƙarfafa mini maganar tsare inuwa. Yaron bai zana hanci ba, bai ƙaga ido ba. Hasken da Allah Ya saukar a fuskar ladan shi ya shiga ta kafa ya sauka a azurfa. Wannan ilmi ma ba baƙo ba ne gare mu. Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi gwaji da fitilu da ɗaki mai duhu, ya nuna haske yana tafiya a miƙe, yana ratsa ƙaramar kafa ya sauka a bangon da ke fuskantarta, ya rubuta haka a littafinsa Kitabul Manazir. Duk wanda ya taɓa kwanciya da rana a rufaffen ɗaki mai 'yar huda a ƙofa ya ga inuwar masu wucewa a bango, kai ƙasa ƙafa sama. Turawa abin da suka ƙara shi ne maganin da ke riƙe inuwar, wanda aka bayyana wa duniya a Faransa a 1839.

Sa'an nan mu yi wa kanmu adalci. Wane ne cikinmu ba ya sallah da Sardauna a aljihu bisa naira 200, ko Janar Murtala bisa naira 20? Wane ne ya je Hajji ba fasfo, ko ya yi zaɓe ba kati mai hoto? In lalurar hukuma ta buɗe ƙofa, ina ganin lalurar maraya da yake son sanin fuskar ubansa ba ta kasa ta ba. Ku duba kuma amfanin abin ga tarihi. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a san hoto, saboda haka duk hoton kyamara da aka nuna maka aka ce na Shehu ne, ƙarya ce. Amma Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, da Sardauna wanda aka kashe a 1966, yaron da bai riske su ba yana gane su, domin hotunansu na baƙi da fari suna nan, waɗansu a Gidan Arewa a Kaduna. Gani ya kori ji. Me zai sa a san fuskar sarki a manta ta ladani?

Wani zai ce, to Malam, me ya sa sai wannan tarkacen kyamara ta yara, ga waya ta fi ta fitar da hoto? Gaskiya ne wayar ta fi ta ido. Ni ma ban ce kowa ya je neman Diana ba. Fim yana da tsada yau, ba a samunsa a kasuwanninmu sai an yi saƙo daga nesa, maganin wanki ma haka, kuma mutumin da ke neman abin da zai ci ba za a ce masa ya sayi fim ba. Amma abu uku na koya daga wannan 'yar roba. Na ɗaya, arhar kayan aiki ba ta hana aiki daraja. Kamfanin Kodak ya fitar da Brownie a 1900, akwatin kwali na dala ɗaya, don yara. Irinta ce kawun Seydou Keïta ya kawo masa tsaraba daga Senegal a 1935, shi ne ya buɗe ɗakin hoto a Bamako a 1948, yau duniya tana kallon mutanen Mali na wancan zamani ta hotunansa. A nan Nijeriya ma J. D. Ojeikere da Brownie ya fara a 1950, daga baya ya tara hotunan kitson matan ƙasar nan wajen dubu. Na biyu, ƙaranci yana koya ladabi. Mai hoto 16 kacal ba ya ɗaukar mutum yana hamma ko yana cin abinci. Sai ya nemi izini, mutum ya shirya, ya zauna yadda yake so a tuna da shi. Na uku, wanda ya fi duka, ƙarshen aikin takarda ce da ake riƙewa a hannu. Hoton azurfa in an ɗauraye shi da kyau aka tsare shi daga laima da gara yana wuce shekara ɗari, ba ya neman caji. Kun tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, wanda ya ajiye hotunansa a intanet ya rasa hanyar ganinsu, mai takarda kuwa tasa tana cikin adaka.

Saboda haka ga shawarata, a duba ta. Kowane magidanci ya sa a ɗauki iyayensa da dattawan gidansa tun suna da lafiya. In an sami mai fim, madalla. In ba a samu ba a ɗauka da waya, amma kada a kwana da shi a can, a kai wa masu wanke hoto a Kaura ko Gusau su fitar a takarda mai kyau, a yi biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a wani gari. A bayan kowane hoto a rubuta da fensir, da ajami ko da boko, sunan mutum da na ubansa da garinsa da shekarar da aka ɗauka, domin hoto ba suna bayan jikoki baƙo ne. Wanda ke da tsofaffin hotuna na baƙi da fari a gida ya fito da su ya tambayi tsofaffi su waye, tun masu sani suna nan.

'Yan'uwana masu makarantun allo, mu ma da namu. Kun ga abin da ya faru a 2020 lokacin annobar korona, da aka yi ta kwashe almajirai daga jiha zuwa jiha. Ya kamata kowane malami ya riƙe littafi mai sunan kowane yaro da na mahaifinsa da garinsu, da ɗan hotonsa a manne. In yaro ya ɓace, wannan ya fi a ce wani ɗan baƙi ne mai tabo a goshi. Ni na fara nawa.

Amma da sharuɗɗa. Kada a ɗauki kowa sai da yardarsa. Kada a ɗauki matar wani ko 'yar wani sai da izini da cikakkiyar sutura, kuma hoton ya tsaya wurin muharramanta. Kada a rataye hoton malami ko shehi a alƙibla, ko a shafe shi don neman albarka, domin nan ne ƙofar da mutanen Annabi Nuhu suka shiga. Wurinsa cikin littafi ko adaka, a fito da shi a nuna wa yara, a yi wa mai shi addu'a, a mayar. Gawa kuwa a rufe ta, a sauke waya, a ɗauki makara.

Wanda ya ga tsentseni a barin hoto baki ɗaya, kamar yadda mahaifina ya gani, ban ce ya yi laifi ba, shi ma kada ya ce na yi. In kun tambaya ko ni na zauna an ɗauke ni, to na zauna, a ƙofar zauren nan da ladan ya zauna, da waccan 'yar roba, kuma takardar tana wurin babbar 'yata.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun ɓarayi, Ya mai da kowa garinsa lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni, Allah Shi ne Masani. Haza wassalam.